Ranar da Jakkanmu Sunka Yi Mana Zanga-zanga

Muna tsakar kasuwar Tambuwal, muna ta ihun "Ba mu yarda ba!", sai jakina Goho ya ja ya karkata hagu.

Lokacin ina saurayi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. An ce tsamiyar da mu 'yan Kebbe muke ɗaure jakkai ranar kasuwa za a sare ta, a yi tashar mota. Shi ne munka taho da jakkanmu, za mu kai kuka ƙofar wakilin hakimi.

To, hanyar ta bi ta gaban tsamiyar. Goho na shiga inuwa, sauran jakkai duk sunka bi shi. Kowanne ya tsaya daidai turkensa. An ja, an tura, an roƙa, ko motsi.

Muna cikin wannan abin kunya sai ga wakili bisa keke.

"Kai samari, ba ku anka ce kuna tahowa wurina ba?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mu mun taho. Su ne sunka ce nan ne gidansu."

Ya dubi jakkai sun lumshe ido suna kaɗa wutsiya. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Waɗanga sun fi ku iya ƙara. A kai tashar gaba!"

Da waƙa munka koma Kebbe, Goho na gaba.

Jiya na sha inuwar tsamiyar nan. 'Yan Tambuwal, wa ke tuna turakun da ke gindinta?