Rolf Engebretson da Amalanken da Aka Ɗaure

Ranar Asabar, sha bakwai ga watan Agusta, Allah ya karɓi abinsa. Yayana Rolf Engebretson ya cika a cikin jirgin fito, a tsakiyar tafki, tsibirin da ya fi ƙauna yana bayansa, asibitin da bai kai ba yana gabansa. Wanda ya ba mu aronsa shi ya karɓe, ba ni da ja da wannan. Amma akwai wanda nake da ja da shi, kuma sai na faɗi sunansa kafin in ajiye alƙalami.

Rolf, kai ka fara kai ni tsibirin nan ina ƙaramar yarinya. Kai ka koya mini juya ƙofar tanti ta ba iska baya, kuma har na yi furfura ba ka daina yi mini tsiya ba. Kullum sai ka zagaya tantina, ka ja igiya, ka girgiza kai, ka ce, "Dorene, wannan ko kare ba zai yarda ya kwana a ciki ba." Sannan ka durƙusa ka gyara.

Tun da ka bar aikin gyaran motocin makaranta, kai da matarka Marlys kuka mai da wurin kafa tantuna na tsibirin nan gidanku duk lokacin zafi, ba wanda ya ɗauke ku aiki. Na tuna wasu ma'aurata da suka sauka da jariri ana ruwan sama, sun manta turakun tantinsu a mota can tsallake. Matar har ta fara kuka. Ka zauna a kan gungume ka sassaƙa musu turaku da wuƙarka, Marlys ta rungume jaririn a cikin rigarta har aka gama kafawa. Tsofaffi kuwa, in ka ga suna fama da kaya a kan yashi, sai ka yi ƙaryar cewa dama can ka nufa, ka karɓi turin amalankensu. Gahawarka dai Allah ya yafe maka ita, don ɗacinta ya isa ya tayar da gashin mai sanƙo, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi kofi na biyu ba.

Amalanken hannu su ne 'ya'yanka. Inda mota ba ta shiga, keke ba ya shiga, da su kowa ke kai kayansa daga bakin jirgi zuwa masaukinsa. In mutum ya sauke kaya, sai ya mayar da amalanke bakin ruwa don na bayansa. Ba a rubuta wannan a jikin kowane allo ba, domin ba a taɓa buƙatar rubutawa ba. Kai ke zuba musu mai, kai ke liƙe tayoyinsu. A makon nan uku ne suka rage, ɗaya kuma ka kwance ƙafarsa kana jiran ƙarfen da za a kawo maka.

Sauran biyun Brett Kessinger ya kwashe. Mutum ne da ya zo daga birni da iyalinsa da kaya kamar mai ƙaura. Da yake ranar Lahadi za su tafi, kuma ba ya son jiran kowa, sai ya haɗa su biyun ya ɗaure a jikin itace da sarƙar keke, ya sa kwaɗo. Ina tsaye a gefenka da safiyar Asabar ɗin lokacin da ka yi masa magana, cikin lalama kamar yadda ka saba.

"Ɗan'uwa, a nan ba ma kwana da amalanke. Mayar da su ake yi."

Ko tashi bai yi daga kujerarsa ba. Ya ce, "A ina aka rubuta? Nuna mini."

"Ba a rubuta ba. Haka dai muke yi."

"To, tsoho, in kun rubuta ka zo ka same ni." Ya yi dariya, ya buɗe lemonsa.

Da yamma ciwon ƙirji ya kayar da kai a bakin tantinka, a can ƙarshen masaukai inda ya fi ko'ina nisa da jirgi. Waya ba ta kamawa a wurin. Jirgin ƙarshe yana shirin tashi. Na ruga da waɗannan gwiwoyin nawa har masaukin Kessinger, na tarar da amalanken a ɗaure, shi kuma ya kwashi iyalinsa sun tafi yawo ɗaya gefen tsibirin da makulli a aljihu. Na ja sarƙar nan har tafin hannuna ya tsage. Na buga kwaɗon da dutse, dutsen ne ya fashe.

A cikin shimfiɗar tanti muka ɗauke ka, ni da Marlys da wasu maza biyu da ban ma san sunansu ba. Kai kuwa Allah ya yi ka ƙato. Mu ɗaga, mu yi tafiya kaɗan, yashi ya riƙe ƙafafunmu, mu ajiye. Kowace ajiyewa fuskarka tana ƙara yin fari. Solveig mai tuƙa jirgi ta ƙi tashi, tana ta busa ƙaho don mu san tana jira. Hanyar da amalanke ke cinyewa kafin gahawa ta huce, mu sai da rana ta sunkuya muka ƙare ta. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsewa da an yi sauri da ka rayu. Shi ba zai rantse ba. Ni ce na riƙe kanka, kuma ni zan rantse.

Yanzu Kessinger ya aiko da furanni. Ya zo coci ranar jana'iza da baƙar kwat, yana sunkuyar da kai. Kuma ya aika wa ƙungiyarmu ta masu kula da tsibirin cewa zai sayi sababbin amalanke don tunawa da kai, a manna ɗan allo a jikin kowanne da sunan iyalinsa a matsayin masu kyauta. Wato nan da 'yan shekaru baƙo zai sauka daga jirgi, ya karanta sunan nan, ya ce kai, wannan mutumin kirki ne. Wata mai zuwa ƙungiya za ta zauna a kan maganar, kuma na ji wasu sun fara cewa ai amalanke amalanke ne.

Fasto ya ce in yafe. Marlys ta ce ita ta yafe, don zuciyarta irin taka ce. Tawa ba irin taku ba ce. Zan je zaman nan, zan buɗe musu tafin hannuna su ga tabon. In suka karɓi kyautar duk da haka, to su sani duk lokacin zafi ina bakin jirgi a kan kujerata, kuma duk wanda ya kama hannun amalanke mai sunan nan sai ya ji labarin kafin ya tura. Ba ni da aikin da ya fi wannan, kuma danginmu ba sa mutuwa da wuri sai an taimaka musu.

Allah ya jiƙanka, Rolf. Ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta, ya saka maka da alherin duk kayan da ka ɗaukar wa mutane. Marlys, Allah ya ba ki haƙuri da juriyar zama ke kaɗai. Kirsten da Anders, Allah ya raya ku a kan halin mahaifinku. Solveig da mazan nan biyu, Allah ya biya ku.

Shi kuwa Brett Kessinger, ina roƙa masa tsawon rai, har ya kai ranar da ƙafafunsa za su gaza a wuri mai nisa, ya ɗaga kai yana neman mai ɗaukarsa. Na sani, Rolf, da kana nan kai za ka fara rugowa da amalanke. To, ba ka nan, kuma shi ya jawo. Allah ya isa.