Kawu Bube da Sunan da Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya ce mini Kawu Bube mutumin kirki ne, ba na musu da shi. Mutumin kirki ne. Amma ni yau wata bakwai ke nan ban sa ƙafa a gidansa ba, kuma ko mahaifiyata za ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, ba yanzu zan je ba. Haushinsa nake ji, kuma ina da dalili.

Ƙanen mahaifiyata ne. A wata ruga bayan Kebbe aka haife shi, tun yana ɗan shekara shida yake bin shanu, bai taɓa zama a ajin boko ba. Amma ka shiga ƙasar Kebbe ka ce saniyarka ta kasa haihuwa, ko cikinta ya kumbura, ko sammore ya kama ta, kowa gidan Bube zai nuna maka. Zai zo da sandarsa a kafaɗa, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa ya juya maraƙin da ya gicciye, ya wanke hannu ya tafi, ko godiya ba ya tsayawa ji. Da mutane ba shi da yawan magana. Da shanu kuwa, sai ka toshe kunne. Kowace saniya a garkensa tana da suna, yana tsayawa bakin rafi ya ƙwala mata kira, ta ɗago kai ta taho.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ya kiran sunanta: Nasiha, 'yarsa ta fari.

Na san al'ada ce, ba daga Makka na faɗo ba. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Amma mutane da yawa sun sassauta, shi kuwa Kawu ya riƙe abin da hannu biyu. Shekara ashirin da biyu, "ke" ce ko "waccan". Hatta aikin dabbobin da ta iya, bai taɓa dubanta ya ce zo in koya miki ba. Sai dai ya durƙusa gaban saniya ya yi wa iska magana: "Da akwai mai hankali kusa, da ya riƙe min ƙafar nan." Sai ta riƙe. "Da mutum na da ido, da ya ga inda nis sa yatsa." Sai ta duba. Haka ta koya, har ta kai in ya tafi kasuwa aka kawo matsala, ita ke fita. Da ta ce za ta karanta lafiyar dabbobi a kwaleji, bai ce to ba, bai ce a'a ba, washegari dai aka ga ya aiko ɗan kabu-kabu ya kai ta tasha.

Ni Mannir, ina da shagon kwamfuta a Tambuwal, kusa da sakatariya. Buga takardu, fotokwafi, cike fom, shi ne sana'ata. Nasiha taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Lokacin da kwalejinsu ta sallame su zuwa koyon aiki na wata shida, wanda ɗalibai ke kira ai-ti, sai ta zo shagona. Akwai wata gonar kiwo ta zamani a hanyar Sanyinna, da likitan dabbobi na gaske, Dakta Ziyad, da ɗakin gwaje-gwaje da komai. Ɗalibi ɗaya tak za su ɗauka, kuma an san wanda ya yi koyon aiki a can yakan zarce da aiki. Sun ce a kawo si-bi, wato takardar tarihin karatu da abin da mutum ya iya, da wasiƙar neman gurbin.

Ta miƙo mini abin da ta rubuta da hannu. Suna, firamare, sakandare, kwaleji. Shi ke nan.

Na ce, "Ke baƙauya, wagga takarda ce ko katin asibiti? Ina aikin da kin ka yi?"

Ta ce, "Wane aiki? Ni ban taɓa aiki ko'ina ba."

Kai! Na kusa jifanta da stefilar maƙala takardu. Na zaunar da ita a benci, na yi ta tatsar ta da tambaya tun hantsi har azahar. Haihuwar shanu nawa ta karɓa da hannunta? Ta sunkuyar da kai ta ce za su kai ashirin. Allurar rigakafi? Ita ke riƙe wa ma'aikata dabbobi duk shekara, daga baya ita ke yi. Ɗinkin rauni, cire kaska, gane sammore tun kafin saniya ta rame? Duk ta iya. Kowace amsa sai na yi kamar zan zare mata haƙori kafin ta fito, ita ma jinin ubanta ce. Na jera su layi-layi da Turanci mai kyau. Wasiƙar kuwa sau uku na sake ta, na cire duk wani "ina roƙo da girman Allah" da ta so a sa, na bar magana tsaye: ga abin da na karanta, ga abin da hannuna ya yi, ga abin da nake so in koya a wurinku. Na buga dubban si-bi a shagon nan, yawancinsu sunan mutum kawai nake canzawa. Wannan ce ta farko da babu ƙarya ko ɗaya a cikinta.

Sai muka zo ƙarshe, wurin masu shaida, mutum biyu da lambar wayarsu. Na sa malaminta na kwaleji. Na biyu na ce Kawu, tunda shi ya koya mata.

Ta ce, "Yaya Mannir, kar ka sa lambar Baffa."

Na ce, "Don mi? Wa yaf fi shi sanin aikinki?"

Ta ce, "Ni dai na gaya maka."

Ban ji ba. Na ce ai ba wanda ke kiran waɗannan lambobin, ado ne. Na buga, na sa a ambulan, na kai gonar da kaina. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ashe cikin takardu sama da arba'in, tata ce kan gaba a waɗanda Dakta ya ware. Ranar Alhamis da safe ya kira Kawu. Shi kuwa Kawu wayarsa kullum a buɗe yake sa ta, ya riƙe ta nesa da kunne, don haka Nasiha tana tsakar gida tana wanke ƙwarya ta ji komai.

Dakta ya ce, "Malam Bube, ka san Nasiha Bube?"

Kawu ya ce, "To, ana dai ganin ta nan gida."

"Ta rubuta cewa kai ka koya mata aikin dabbobi, har ta karɓi haihuwar shanu kusan ashirin. Haka ne?"

Kawu ya yi 'yar dariya ya ce, "Wa? Waccan? Mi tas sani? Yarinya ce dai, ba ta iya komi ba. Sai dai ku yi haƙuri da ita."

Dakta ya yi godiya ya kashe waya.

Da Nasiha ta kira ta gaya mini, ko kuka ba ta yi, wannan ya fi ƙona mini rai. Na ja ƙofar shago, na bar mutum uku a layi, na hau mashin. Hanyar Kebbe ta kusa karya mini ƙugu, ban sassauta ba. Na tarar da shi a gindin wata bishiya yana cire wa bijimi kaska. Ban gaishe shi ba. Ni, ɗan 'yar'uwarsa, na tsaya a kansa na ɗaga murya.

"Kawu, ka san abin da kay yi? Ka kashe mata gurbi! Ka maishe ta maƙaryaciya gaban likita!"

Ya ɗago ya dube ni, wallahi da mamaki na gaskiya a fuskarsa. Ya ce, "Mi niy yi? Baƙo ya tambaye ni ɗiyata ta fari, in buɗe baki in yabe ta awa marar kunya? Ai ya gane abin da nika nufi. Kowa na ganewa. Da ba ta iya ba, ai shiru za ni yi."

Ka ji fa! A wurinsa yabo ya yi mata, mafi girman yabon da bakinsa zai iya. Na ce masa Dakta Ziyad a Legas ya girma, abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Na ce, "Shanunka duka kana kiran sunansu, har wadda ba ta da wutsiya. Ɗiyarka ce ba ta kai saniya ba?" Ya ajiye kaskar da ke hannunsa. Na juya mashin na tafi.

Ranar Litinin ina buɗe shago sai ga shi da farar rigarsa ta Juma'a, duk ta yi ja da ƙasar hanya, Nasiha a bayansa da nisa. Ya ce, "Kai ni wurin likitan."

Muka je. Nasiha ta tsaya a baranda jikin taga, mu muka shiga. Kawu ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya ƙi kujera, ya ce shi ne aka kira a waya, ya zo ya gyara magana. Yarinyar nan ta iya. Duk abin da ke takardar gaskiya ne, har da wanda ba a rubuta ba.

Dakta ya jawo tarin takardu ya ce, "Wace yarinya, Baba? Sun fi arba'in, kuma mutane da yawa na kira. Gaya mini sunanta."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Mannir, gaya mishi."

Na ce, "Wallahi ba ni faɗi."

Na harɗe hannu na zuba wa silin ido. Fanka tana ta juyawa. Mutumin da ke zura hannu cikin saniya tana harbi ko gezau, ga shi gumi na bin wuyansa, yana murza bakin rigarsa. Ya buɗe baki ya rufe. Sannan a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Nasiha. Nasiha Bube. Ɗiyata ce."

Dakta ya zaro takardar. Na hango inda ya ja layi da jan biro a kan duk abin da muka jera. Ya daɗe yana dubanta, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, bai san haka abin yake ba, amma tun ranar Juma'a ya ba wani yaro gurbin, har ya sa hannu a takardar kwalejinsu, yaron ma yana can cikin garke ya fara aiki.

Da muka fito, Nasiha tana nan jikin taga, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya wuce ta gefenta bai dube ta ba, ya ce wa iska, "Da mutane sun taho mu tafi, rana na yi."

A wani ofis ta ƙare koyon aikinta. Wata shida tana zaune a benci tana jera fayil, ko akuya ba ta taɓa ba. Duk ranar da na wuce na hango ta, sai abin ya dawo mini sabo.

Makon jiya ta zo shago. Ta gama kwaleji, an ce ana neman mataimakan likitan dabbobi a wani wuri, tana so a sabunta si-bi. Na buɗe tsohuwar takardar, na gyara kwanan wata, na sauko ƙasa wurin masu shaida, na sa yatsa zan goge lambar Kawu.

Ta riƙe mini hannu. "Bar ta."

Na ce, "Ke, kina da hankali? Bayan abin da yay yi miki? In an kira shi ya sake fa?"

Ta ce, "In sun kira, sai sun tambaye shi sunana, ya sake faɗinsa da bakinsa."

Na bar lambar. Na buga takardar kwafi biyu, na miƙa mata, na ce ta tashi ta ba ni wuri akwai mutane a layi.