Gonar da Malam Gide Ya Ƙi Nomawa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga watan Afrilun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Gide Mai Usur a gidansa da ke Sheme, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya haura shekara saba'in. Ya bar matarsa Hajiya Adama, da 'ya'ya, da jikoki, da wata gona a bakin gari wadda tsakiyarta ta daɗe ba ta ga iri ba. Ranar ce rana ta farko cikin shekaru masu yawa da la'asar ta yi a Sheme ba a ji ƙarar usur ba.

Malam, ni tun ina ɗan firamare na san ka, kuma ba sanin daɗi ba ne. Lokacin kana duba-gari. Ka shigo gidanmu da gajeren wando, ka leƙa randar mahaifiyata, ka ga 'ya'yan sauro suna ta iyo, ka tuntsurar da ruwan a tsakar gida. Har ta koma ga Allah ba ta daina ba da labarin ba. Da ka yi ritaya mutanen gari suka yi ajiyar zuciya, suna zaton sun huta. Ashe randuna kawai ka bari, ka koma leƙa bakin 'ya'yansu.

Ga wanda bai san Sheme ba, bari in faɗa masa yadda abin ya faro. Mu nan ba mu da filin wasa. Idan an gama girbi, yara sukan sami gonar da ta yi musu, su kafa kara biyu nan, kara biyu can, su hau buga ƙwallo ba takalmi. To gonar dawa bayan girbi cike take da kututture masu tsini. Wata shekara kututture ya soki wani yaro a tafin ƙafa, aka ɗaure da tsumma, ciwon ya rikiɗe ya zama sarƙewar haƙora, yaron bai tashi ba. Malam Gide na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Kaka na zagayowa sai aka gan shi a gonarsa ta bakin gari yana tumɓuke kututture ɗaya bayan ɗaya, ya tara ya ƙone, ya baje kunya. Ya aika wa yara cewa mai son ƙwallo ya zo nan, ya bar gonakin mutane.

Shekaru aka yi a haka, damina ta Malam, rani na yara. Ba wanda ya ga aibu. Sai da rashin tsaro ya zo.

Duk mun san abin da ya same mu, mu da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Gonakin da ke cikin daji suka gagari zuwa. Mutanen ƙauyuka suka kwaso iyalansu suka dawo gari. Duk wata ƙasa da ke kusa da gida, wadda mutum zai noma yana jin kiran salla, ta zama abin da ake rububi. A daidai wannan lokaci, Malam, da babbar gonarka ta daji ta fi ƙarfinka, da ya kamata ka riƙe ta bakin gari da hannu biyu, sai ka ce har damina ma ba za ka nome ta ba. Gefe-gefe kawai ka riƙa zuba masara, ka kewaye da zogale, ka bar tsakiya fayau.

Mutane suka ce tsufa ne ya fara taɓa ka. Ni ma na tambaye ka, ina zaune gindin darbejiyar da ke bakin filin da littafi a hannuna. Ka nuna mini wasu samari da ke jingine da bango, ka ce: "Da can damina ita ke riƙe mana su. Yaro ya yini da fartanya, ya dawo ko magana ba shi iyawa. Yanzu ba gona, ga ƙarfi shina cinsu. In ban gajiyar da su ba, mai kwalbar maganin tari zai gajiyar mani da su." Daga nan ka dubi tumbina ka ƙara da cewa, "Kai ma da ka aje littafin nan ka zagaya sau biyu, ba abin da zai same ka."

Ban zagaya ba. Amma maganar ta zauna mini.

Dokokin filinka ba su cikin wani littafin wasa da na taɓa karantawa. Kafin a taɓa ƙwallo sai yara sun yi layi, kowa ya zo gabanka ka ce, "Hura mani." Yaro ya buɗe baki ya hura maka numfashi a fuska. Da hancin nan naka na duba-gari kake gane wanda ya zuƙi taba, da wanda ya kurɓi maganin tari ba ya tari, da wanda ya shaƙi sholisho. Ba na jin an taɓa yin mutumin da ya san abin da samarin Sheme suka ci da rana kamarka. Daddawa, albasa, ƙuli-ƙuli, duk ka shaƙa, kuma ban taɓa ganin ka kau da kai ba. Sannan a duba farce, a duba ƙafa ko akwai ciwon da ake ɓoyewa. Bayan wasa Hajiya Adama ta aiko da ƙwarya cike da kwaɗon zogale, kowa ya ci, ko yana so ko ba ya so.

Wajen alƙalanci kuwa, Allah Ya jiƙanka, gaskiya sai an faɗe ta. Har ka bar duniya ba ka gane dokar satar gida ba. Kai dai idan ka hango yaro ya tsaya shi kaɗai kusa da raga yana jiran a ba shi, sai ka busa, ka ce lalaci ne. Da yaran Faskari suka zo wasa, ka soke ƙwallon da namu suka ci don wanda ya zura ta ya yi wa mai tsaron gidan Faskari gwalo. Garin nan ya yi mako yana fushi da kai. Ranar da 'yan Ƙanƙara suka zo kuwa, su ma sai da suka yi layi suka hura, har da mai horar da su, wani mutum mai gemu da ya rantse bai taɓa ganin irin wannan ba.

Ba ka da jan kati. Ka ce korar yaro daga fili aika shi ne wurin da kake gudun ya je. Wanda ya yi zagi ko ya faɗi a layin hurawa, langa zai yi: ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya zagaye filin da tsalle, sannan ya shiga wasa.

A nan ne zan kawo labarin Ɗanliti, kuma da izininsa. Yaro ne da suka taso daga wani ƙauye ta wajen Sabuwa bayan an kore shanun mahaifinsa. Ya zo Sheme bai san kowa ba, ba makaranta, ba kiwo. Ranar da ya fara shiga layi, tun kafin ya buɗe baki warin maganin tari ya riga shi isowa. Ka ce ya yi langa. Ya ce ba zai yi ba, shi ba ƙaramin yaro ba ne. Muna jiran mu ga ka ɗaga murya. Sai kawai ka tuɓe hula ka miƙa mini, ka naɗe riga, ka kama ƙafarka.

"To ni ƙaramin yaro ne," ka ce. "Mu je."

Tsoho mai furfura yana tsalle da ƙafa ɗaya a gaban samari. Ba ka yi nisa ba ka kife. Ka tashi, ka kakkaɓe, ka sake kama ƙafa. Da ka faɗi na biyu sai Ɗanliti ya rugo ya ɗaga ka, yana cewa, "Baba, don Allah bari, mi ya yi zafi? Ni zan yi."

"Tare za mu yi," ka ce. "Kuma duk randa ka sha, tare za mu yi. Ka ga in na karye, kai ka karya ni."

Ba zan yi ƙarya in ce daga ranar ya daina ba. Mun sha ganin ku kuna zagaye tare a waccan damina, kana haki yana kuka. Amma zagayen ya riƙa raguwa, har aka wayi gari ya zama tarihi. Yau Ɗanliti ne mai tsaron gidan 'yan wasan Sheme, yana kuma koyon gyaran babur. Shi ya riƙe gaban makararka, ya ƙi sakar wa kowa har maƙabarta. Akwai waɗanda ba su ji ba, ka sani, mun sani. Kakan yawaita ambaton sunayensu. Amma waɗanda suka ji sun cika sahu ranar jana'izarka har ya fita titi.

'Yan mata ma ba ka bar su ba. Su a cikin gida ne, hannun Hajiya Adama, da igiyar tsalle da gaɗa, kai kana daga zaure kana tambayar ko sun yi gumi. A wannan tsakar gida 'yarka Ummu Salma ta tashi, ga shi yau ita ke koyar da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata.

Sai dai kyautar nan ba kai kaɗai ka yi ta ba, iyalinka ma sun biya. Hajiya Adama takan ce, "Kowa na shigo da dami gida, ni Malam yara masu targaɗe yake kawo mani." Tana faɗa tana dariya, amma rumbun gidan bai taɓa cika ba tun da aka bar gonar. Shi ya sa tun a wurin zaman makoki aka fara raɗe-raɗi. Gonar nan ba ka yi waƙafinta ba, yanzu gado ce, ga damina ta ƙarato.

Bayan sadakar bakwai iyali suka zauna a zaure, aka kira ni cikin maƙwabta. Ƙanenka Alhaji Badamasi ya yi magana, kuma wallahi maganar hankali ya yi. Ya ce marigayi ya yi abin da ya ga zai iya, Allah Ya ba shi lada, amma ga babban ɗansa Sadiq da mata da ƙananan yara, gonarsa tana cikin daji, bara ko zangarniya bai cire ba. Ya ce ba addinin da ya ce magada su kwana da yunwa don 'ya'yan wasu su buga ƙwallo. Ba wanda ya musa. Sadiq ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Sai Ummu Salma ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Baba Alhaji, gaskiya ka faɗa. A raba. Ni dai roƙona ɗaya, nawa kason a yanko mani shi a tsakiya, daidai inda ake take ƙwallo."

Alhaji Badamasi ya ce, "Ke ɗiyar nan, ina kika taɓa ganin an yanki gona a cibiya? Ta ina shanu za su bi?"

"Sai su zagaya, Baba. Kuma Inna ta ce a gaya maku, tumuninta na gadon a haɗa shi da nawa. Ta ce ta saba da masu targaɗe."

Wani ya fara dariya ya maida ta tari, don gidan makoki ne. Alhaji Badamasi ya juya ga Sadiq, ya ce to kai ne babba, kai ne kuma mai buƙata, mi ka ce? Sadiq ya ce a ba shi lokaci. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya yara suna zuwa da la'asar, su zauna gindin zogale da ƙwallo a hannu, ba mai bugawa. Ba su san ko filin nasu ne har yanzu ba.

Da ruwan shuka ya sauka, washegari da yamma ina gindin darbejiya na hango Sadiq tafe da shanun huɗa. Yaran suka miƙe tsaye. Ɗanliti ya je ya kama turken raga zai tumɓuke, don kada garma ta karya shi. Sadiq ya ce ya bari. Ya sa garma daga gefe, inda kake zuba masara, ya bi kewaye. Ya ƙara wasu kunyoyi a kan naka, gaskiya ce, filin ya ɗan tsuke, kuma duk wanda ya san halin da gidan ke ciki ba zai ga laifinsa ba. Da ya iso kusa da raga sai ya juya shanun. Ya kwance su, ya share gumi, ya laluba aljihu ya fito da usur ɗinka. Ya busa, ƙarar ta fito a shaƙe, don bai iya ba.

"Mi kuke kallo?" ya ce. "Ku yi layi. Kai Ɗanliti, fara. Hura mani."

Malam, na ajiye littafin ranar. Na zagaya filin sau ɗaya a ƙafa, ina haki, yara suna yi mini tafi na shaƙiyanci. Na biyun ina nan ina shiri.

Ya Allah, ga bawanKa Gide ya zo gare Ka. Ya kawar da abin cutarwa daga ƙarƙashin ƙafafun 'ya'yan mutane, Ka kawar masa da duk abin tsoro a kabarinsa. Ka yalwata masa makwanci fiye da yadda ya yalwata wa yaranmu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanya duk gumin da aka yi a filin nan, da wanda za a yi, cikin ma'auninsa na alheri.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Adama, da Alhaji Badamasi, da Sadiq da Ummu Salma da sauran 'yan'uwansu, da samarin Sheme waɗanda su ma uba suka rasa. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya sa albarka a 'yar masarar da Sadiq ya shuka a gefe, ta ciyar da gidan fiye da yadda ake zato. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, manoma su koma gonakinsu na daji, filin nan ya zauna wa yara. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.