Ranar da Babbar Mota Ta Shiga Lungu

Sarkin Titi ake ce masa a kamfanin kai kaya, kuma ba a banza ba. Tun gashinsa na baƙi wuluk yake jan babbar motar kamfanin. In ya danna hon a bakin ƙofa, har mai gadi sai ya ƙame. Inuwar rumfa tasa ce, bakanike nasa ne, ruwan wanki ma sai ya gama ake taɓawa.

Kwatsam manaja ya tara ma'aikata ya ce kasuwa ta juya. Manyan diloli sun sayi motocinsu, waɗanda suka rage wa kamfani su ne masu ƙananan shaguna a lunguna, masu son katan ɗaya yanzu-yanzu. Don haka komai na kamfani zai koma inda cinikin yake. Aka sayar da manyan motoci, aka bar tasa kaɗai, ita ma wai za a ga kamun ludayinta. Babura suka cika rumfar, bakanike ya koma kansu, motar Sarkin Titi ta koma rana.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wanda aka ba shugabancin 'yan babur: Gajere, ƙanin matarsa! Mutumin da shi ya kawo shi kamfanin yana dako. Yanzu wai shi ke zama da manaja a ofis, waya maƙale a kunne. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma ta ci shi ƙwarai. A gida in matarsa ta ce, "Gajere na gaishe ka," sai abincin ya fita ransa.

Wata safiya ya ga katan biyu na sabulu za a kai wani shago. Ya sure su ya jefa a bayan motarsa, wai sai ya nuna wa manaja babu inda babur zai je ita ta kasa. Ya kutsa lungun. Kwata a hagu, katanga a dama, gaba kuma baranda ta tokare shi. Kai, sai ga mota ta cije! Masu shaguna suka fito suna dariya, wani har da ɗaukar hoto. Ya san kafin ya koma, hoton ya riga shi ofis, motar kuma ta tafi ke nan.

Sai ga Gajere a kan babur.

"Sannu, Yaya. Kawo a ƙarasa da su."

Da ma tsiya Gajere ya yi masa, da ya samu abin faɗa. Ina! Cikin ladabi Gajere ya karɓi katan biyun ya miƙa wa wani yaro ya kai shagon, ya zagaya bayan motar ya ɗaga hannu.

"Taho da baya, Yaya. A hankali. Karya hagu. Tsaya!"

Zufa na zuba, Sarkin Titi ya kafa ido a madubi yana kallon hannun Gajere. Ya karya hagu. Ya tsaya.