Amawalin Mai Gadin Albasa

Shekara goma sha ɗaya tsohon nan ya yi yana gadin albasar yayana a Tsarnawa, bakin babbar hanya, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin bakinsa. Makiyayi ne daga arewacin Illela. Fari ya cinye masa dabbobi, ya gangaro da sandarsa da butar shayinsa, yayana ya ba shi gadi. Kullum yana cikin wani shuɗin rawani da ya koɗe, amawalin ya rufe baki da rabin hanci. In zai sha shayi, sai ya cusa ɗan kofin ta ƙarƙashi. In zai ci tuwo, sai ya juya ya fuskanci buhuna. In kuwa ya hango mijin ɗiyarsa tafe a kan babur, sai ya ja amawalin har gindin ido.

Na taɓa tsokanarsa a kan haka. Ya ce, "Ɗana, a wurinmu, da suruki ya ga bakinka gara ya gan ka babu wando."

Mu kuwa 'yan fada, masu zaman benci a ƙofar shagona, ba mu da aiki sai naman mutane. Wani ya ce raƙumi ne ya cije masa leɓe. Wani ya rantse ba shi da haƙori ko ɗaya. Wani ya ce gemun akuya gare shi, shi ya sa. Buzu muke ce masa kawai, kamar uwarsa ba ta raɗa masa suna ba. Ni kaɗai nake ce masa Baba, ni kaɗai kuma yake zama da ni ya yi hira, don ina ba shi maganin ciwon gwiwa. Shagon magani gare ni. Lokotoro ake kirana, wato likita, alhali lakwal ɗin ma, makarantar boko, ban gama ba.

Ƙanena direban babbar mota ne, yana kai albasa Kwatano. Shi ya kawo mini wasu tabarau. A ido ba su da wani abin kallo, baƙin kewaye da farin gilashi, irin na malaman buro, masu aikin ofis. Amma a gefe akwai wani ɗan rami kamar ƙwayar gero, kyamara ke nan, kusa da kunne kuma akwai maɓalli. Ka latsa, duk abin da kake kallo ya shiga, har da murya. Wata 'yar fitila takan kama in ana ɗauka. Satin farko kowa sai da ya gwada. Muka ɗauki faɗan 'yan kabu-kabu, muka ɗauki jaki ya kayar da amalanke. Amma mata masu fura da sun ga 'yar fitilar sai su ja hijabi su juya baya, wata ma ta ɗura mini ashar. Wannan ya ɓata mini rai. Na yanko ɗan baƙin salatif na liƙe fitilar, shi ke nan aka koma gaishe ni.

Ranar da abin ya faru, 'yan fada duk sun tafi kasuwar Konni. Bayan azahar sai ga tsohon ya shigo, hannu dafe da muƙamuƙi. Ko ta saman rawani ana ganin kumburin.

"Ɗana, kwana huɗu ban yi barci ba. Haƙori na."

"To ai sai na gani, Baba. Ba na ba da magani a makance."

Ya daɗe a tsaye. Ya leƙa hanya, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Sannan ya ce, "Ruhe ƙohwa. Kuma hidda salularka waje."

Ya san waya, ai ba yaro ba ne. Ya sha ganin samari sun ɗaga masa ita, ya ja amawali ya kau da kai. Na yi dariya, na fita da wayar na ajiye a kan benci yana kallo, na dawo na rufe ƙofa. Shagon ya yi duhu, sai hasken 'yar taga. Na tsuguna ina ƙanƙance ido. Tabaran suna rataye a wuyan rigata.

Ya ce, "Sa madubinka mana, ka gani da kyau."

Shekara biyu ke nan ina ɓuya a bayan wannan maganar. Shi ya ce in sa, wallahi shi ya ce. Amma babu wanda ya ce in kai yatsa bayan kunne in latsa.

Ya sassauta rawanin da hannu biyu, a hankali, ya sauke amawalin zuwa haɓa. Ba cizon raƙumi, ba komai. Bakin tsoho ne kawai. Fatar wurin ta fi ta goshinsa haske, gemu fari tsilli-tsilli, haƙora uku a ƙasa, dasashi ya kumbura ya tara ruwa. Na ɗauko cokali na taɓa wurin da gindinsa. Tsohon ya ƙwala ƙara, wata siririyar ƙara irin ta jinjiri, ya kira uwarsa da yarensu, miyau na zuba a kan gemu, hawaye na bin kumatu.

A duba na farko na ga abin da ke damunsa. Amma ban tsaya ba.

"Ƙara buɗewa, Baba. Juyo nan wajen haske. Ce aaa."

Ya ce aaa.

"Ban ji ba. Da ƙarfi."

Ya ƙara. Na sake taɓa wurin, ba don komai ba sai don ya sake ƙarar. Ina tsugune a gabansa ina danne dariya, ina hango fuskokin 'yan fada. Na ba shi ƙwayoyin rage zafi, na ce in kwana uku bai sauka ba ya tafi asibiti a cire. Ya gyara rawaninsa, ya kama hannuna ya yi ta sa mini albarka, har da 'ya'yan da ban haifa ba.

Washegari ya kawo mini cuku guda biyu, na aikowar ɗiyarsa. Da la'asar muka raba shi a fada, muna taunawa muna kallon bakinsa a wayata. Kada in yi wa kaina kara: na ji daɗi ranar. Mutum shida suna birgima a kan benci, ɗaya har da riƙe ciki yana cewa a kashe zai mutu, ana dukan kafaɗata ana cewa, "Kai lokotoro, shege ne kai!" Tun da nake ba a taɓa yaba mini haka ba. Wani ya ce in tura masa. Na ce kada ya wuce nan. Ya ce haba, ina zai je? Na tura.

Kafin Juma'a hoton ya kai Malbaza. Wani gwanin banza ya haɗa da kukan akuya daidai inda tsohon ya yi ƙara. 'Yan kabu-kabu in sun zo wucewa ta wajen buhunan albasa sai su rage gudu su ce, "Baba, ce aaa!" Shi kuwa bai san komai ba, sai ya ɗaga musu hannu, a zatonsa gaisuwa ce. Kwana biyu cur yana amsa wannan gaisuwar, ina kallo daga ƙofar shago.

A kasuwar Illela wani ya tura wa surukin tsohon waya a fuska yana dariya, bai san ko wane ne ba. Surukin bai zo ba, ɗiyar ya turo. Na gan ta ta sauka daga mota, ta durƙusa gefen ubanta, ta daɗe tana magana kanta a ƙasa. Ya miƙa hannu, ta ba shi wayar. Ya kalla har ƙarshe.

Sai ga shi ya tsallako hanya. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, a gaban 'yan fada.

"Salular tana waje. Na gan ta bisa benci. Da mi ka ɗauka?"

Na taɓa tabaran da ke fuskata. Ya dube su, ya daɗe yana dubawa.

"Ni na ce ka sa," in ji shi.

"Kai ka ce, Baba."

Haka na faɗa masa, a gaban mutane. Na ma ƙara da cewa wasa ne, kowa yana da baki, mene ne abin ɓoyo? Wani a benci ya yi tari don ya rufe dariya. Tsohon ya tambaye ni abu ɗaya, ko mijin ɗiyarsa ya kalla har wurin kukan. Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya koma wajen buhunansa.

Ƙwayoyin da na ba shi, a ƙofar shago na tsince su da safe, ƙulle a leda. Kumburin ya sauko wuya. Ya daina cin tuwo, ya koma kunu, daga baya kunun ma ya gagara. Yayana ya zage ni tas, sannan ya sa aka ɗora tsohon a mota zuwa asibiti a Konni, ya ce dole in bi, tunda ni na ɓata.

Majo, babban ma'aikacin da ke duba marasa lafiya ranar, dattijo ne mai haƙuri, sanye da tabaran karatu. Tsohon na ganinsa ya damƙe amawali da hannu biyu. Yayana ya yi wa majo bayani a kunne. Majo ya cire tabaran, ya sa a aljihun tebur, ya rufe, ya nuna tafin hannuwansa.

"Ga shi, Baba, babu komai. Daga ni sai kai."

Tsohon ya nuna agogon hannun majo. Aka cire. Ya nuna maɓallin rigarsa. Ya nuna ƙwan fitila a sama, ya nuna ramin makulli. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce wancan karon ma ya duba ko'ina.

Aka yi masa allura, amma majo ya ce allura ba za ta isa ba, sai an buɗe an fitar da ruwan an cire haƙorin. Muka yi lallashi har la'asar. Yayana ya ce a danne shi. Mutum uku muka kama shi, ni ina riƙe da ƙafafu, ƙafafu kamar kara, amma aka kasa ɓamɓare yatsunsa daga ƙyallen. Majo ya daka mana tsawa ya ce mu sake shi, shi ba ya yi wa dattijo haka. Ɗiyar ta tafi da shi ƙauyensu. Kwana tara ya yi.

Na je jana'iza, na bar tabaran a gida. Da aka gama sutura ana barin makusanta su shiga su yi masa addu'a, na bi bayan yayana. Surukin na tsaye a ƙofa, nasa amawalin har gindin ido. Ya bar yayana ya wuce. Ni ya sa mini hannu a ƙirji, ba da ƙarfi ba.

"Kai ka riga ka gani. Koma."

Na zaci garin zai juya mini baya. Ina! Sati biyu aka yi ana cewa Allah ya ji ƙansa, kwana ne ya ƙare. Bayan nan aka fara zuwa aron tabaran, yau biki, gobe suna, jibi kokawa. Yanzu akwai wajen guda biyar a Tsarnawa, kowane da ɗan salatif ɗinsa, masu fura ma sun gaji da jan hijabi. Na goge hoton daga wayata, kamar hakan zai rage wani abu.

Watan jiya wani direba baƙo ya tsaya sayen maganin mura. Ina cikin ƙulla masa sai wayarsa ta yi ƙara, kuma ƙarar kiran ita ce ta tsohon, da kukan akuyar, da wata murya tana cewa, "Ban ji ba. Da ƙarfi." Na ce masa ya sha biyu da safe, biyu da yamma. Ya tsaya cak, ya dube ni, ya dubi wayar.

"Sake magana! La ilaha, kai ne! Wallahi muryarka ce!"

Ya leƙa waje ya ƙwala wa abokan tafiyarsa kira su zo su ga mutumin. Suka cika shagon suna dariya. Ya ce shekara biyu abin nan na cire masa gajiyar hanya, Allah ya biya ni. Ya tambaya ko tsohon na kusa, su gaisa, ya ce musu aaa ko sau ɗaya.

Na ce ya yi tafiya. Direban ya miƙo mini hannu yana washe baki, ni kuma na karɓa.