Sandar Fatsar Lucien

Daga Westport har zuwa New Bedford, duk wanda ya sayi sandar fatsa ko ya gaje ta, ba ya sakin jiki da ita sai ta bi ta hannun Norberto Furtado, wanda kowa ke kira Berto. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Ubansa ma'aikacin masaƙa ne a Fall River, uwarsa tela, kuma a wurinta ya ɗauko iya riƙon zare. Yana da shekara goma sha tara ya shiga koyon haɗa sanda a wurin wani dattijo mai kaifin baki, Cyril Gifford. Shekara bakwai suna tare, har ranar da Cyril ya ɗaga wata sanda da Berto ya yi mako uku yana ƙawata ta, ya ce a gaban masu saye, "Kyau kam akwai shi. Sai a rataye a falo."

Berto ya tuɓe rigar aiki ya fita. Ya buɗe nasa shagon a bakin gada, bai sake yi wa Cyril magana ba har mutumin ya mutu. Ko jana'iza bai je ba.

Tambaya ɗaya ake kawo masa kullum: wannan za ta iya da babban mai-ratsi, wato kifin teku mai ratsi-ratsi a jiki? Domin kifin nan in ya kai laba arba'in, ya ja zare ya nufi duwatsu, sandar da ba ta da ƙwari a tsakiya sai dai a ji ƙas. Berto yakan tokare kan sandar da katakon rufi ya jingina da ƙarfi, ya kara kunne ko zai ji tana ƙara. Sai ya zura auduga ta cikin zobban da zare ke bi, don in akwai tsaga ta kama. Daga ƙarshe ya ɗaura bokitin yashi ya ɗaga a hankali, yana duban inda ta lanƙwasa. In ya ce za ta iya, to za ta iya. Shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Wata safiya a watan Mayu, lokacin da manyan kifayen suka fara shigowa, Odette Gauthier ta turo ƙofar shagon da wata doguwar sanda naɗe a tsohon bargo. Mijinta Lucien ya rasu cikin sanyin da ya wuce. Tsofaffin da ke zaman shan kofi a shagon suka juyo suna kallonta, cikinsu har da Duarte, tsohon matuƙin jirgin ruwa wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Berto, ka duba mini wannan," in ji ta. "Shekara arba'in ina soya abin da Lucien ya kamo, ban taɓa kama ko ɗaya ba. Bana ni zan je."

"To fa!" in ji Duarte. "Kifayen su shiga taitayinsu."

Berto ya warware bargon. Babu suna a jikin sandar, amma bai buƙaci suna ba. Wannan naɗin baƙin zaren, mai ɗan jan layi guda a gindin kowane zobe, aikin Cyril ne. Ya tokare ta da rufi, shiru. Audugar ta wuce sumul. Da ya ɗaga bokitin, sandar ta lanƙwasa daga kai ta gangaro a hankali, ta zo tsakiya ta tsaya ƙyam, kamar tana cewa a ƙaro yashi. Tun da yake a duniya bai taɓa haɗa irinta ba, kuma ya san ba zai haɗa ba. Ya sauke bokitin.

"Yaya?" in ji Odette.

"Ta mutu," ya ji bakinsa ya faɗa. "Cikinta ya gaji. Babban kifi na ja, za ta tarwatse miki a fuska."

Odette ta shafa maƙamar sandar, inda hannun mijinta ya sa ta yi santsi. "Shi kuwa ji yake da ita."

"Da can ne," in ji Berto, idonsa a kan bokiti.

Ta yi godiya, ta naɗe kayanta ta tafi. Ya so ya bi ta waje, amma Duarte na zaune yana kallo, kuma magana ta riga ta fita. Ya ce a ransa gobe zai kira ta. Goben ta zama mako, makon ya zama wata. Duk matar da ta turo ƙofa sai ya zaci Odette ce.

A watan Agusta ya biyo ta layinsu da mota, ya hango ta a lambun bayan gida. Ya tsaya, ya ce yau dai zai sauke nauyin ƙaryar nan. Yana zagayowa ya tsaya cak. Shukar tumatir huɗu ne suka yi lodi da 'ya'ya, kowanne ɗaure da tsumma a jikin wani baƙin itace. A jikin na biyu akwai zobe, da jan layi a gindinsa.

"A'a, Berto ne?" in ji Odette tana share hannu. "Ka ga sandar? Na kasa jefar da ita, sai na sa zarto na raba ta huɗu. Ai ga shi tana amfani. Tsaya in tsinko maka."

Ta cika masa jakar takarda da tumatir, ya karɓa kamar ta miƙo masa garwashi.

"Odette, ƙarya na yi miki," ya ce. "Lafiyarta lau. Ban taɓa riƙe sanda mai kyaunta ba."

Ta dube shi, ta dubi tumatir ɗin. "Me na yi maka?"

"Ba ke ba ce. Wanda ya haɗa ta ne. Ya taɓa ci mini fuska."

"Cyril? Mutumin da ya shekara goma sha biyu a ƙasa?" Ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa ya gwammace ta zage shi. "Kuka nake yi ina yanka ta, Berto. Sau biyu ina ajiye zarton."

Ya ce zai haɗa mata sabuwa, wadda ta fi duk abin da ya taɓa yi. Ta girgiza kai.

"Ba na so. A gaban mutane ka ce ta mutu. Je ka faɗa musu abin da ka faɗa mini."

Washegari da safe ya jira sai da kowa ya zuba kofi, sannan ya miƙe a bayan kantar shagon ya faɗi komai, har da maganar falo. Babu wanda ya yi dariya. Duarte ya daɗe yana juya cokali, can ya ce, "Kai dai tsohon banza ne, Berto. Tawa fa da ka ce in yar da ita bara?"

"Taka da gaske ta mutu."

"To yanzu ta yaya zan sani?"

Berto ya juya ya koma kan aikinsa.

Labari ya zaga gari. Wasu suka koma kai sandunansu New Bedford, wasu suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu in ya yanke hukunci sukan ɗan kalli fuskarsa kafin su gyaɗa kai. Yana nan a shagon har yau, da shekara saba'in da ɗaya, in ya hango Odette a kanti sai ya sauya layi.

Ita kuwa ta ari sanda a wurin mijin ƙanwarta. A watan Oktoba, da hantsi, a kan duwatsun bakin kogi, ta kama mai-ratsinta na farko, laba goma sha takwas. Masu kamu sun saba kawo hoto Berto ya manna a bango. Nata bai zo ba. A bakin Duarte ya ji labarin, ya tambaya ko ta sha wuya wajen jawo shi.

"Ta sha," in ji Duarte. "Amma ta fito da shi ita kaɗai."