Burodin Gwajin Kaka

Ƙamshin nama da albasa a cikin mai ne ya tono mini wannan magana. Shekaranjiya ɗiyata ta soya nama, ta tsaga burodi ta cusa, ta miƙo mini da murnarta. Ni kuwa ina karɓa sai na ji raina ya ɓaci. Yarinya ta tsaya tana kallona, ta rasa laifin da ta yi. Ba ta yi laifin komai ba, wani tsohon haushi ne ya motsa.

A Kamarawa na tashi, a hannun kakata wadda ta haifi babanmu. Ina da shekara goma sha biyu kakanmu ya rasu, ana tsakiyar yankan gero. Bayan an share makoki, babanmu da ƙannensa suka ce a bar wa Kaka tufafinsa ta yi sadaka da su, ladan ya isa gare shi. Manyan riguna uku ne, ɗaya mai aikin hannu wadda yake zuwa Juma'a da ita, sai rawani, da wanduna, da wani gwado mai kauri da ya sayo a Nijar. Ni na wanke su da hannuna, na shanya, na ninke. Kaka ta jera su a akwatin katako, ta tura shi kusurwar ɗaki, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

Kada ka ce marowaciya ce. Wallahi tsohuwar nan tana iya ba ka tuwon da ke gabanta ta kwana da yunwa. Tsoronta biyu ne. Ba ta son rigar mijinta ta faɗa hannun wanda zai kai ta kasuwa ya cinye kuɗin. Ba ta kuma son a ba na kusa, kada wata rana ta leƙa ƙofar gida ta ga rigar tana wucewa a jikin wani. Sai dai a sami amintaccen da zai kai su nesa, ga masu buƙata.

To, yaya ake gane amintacce? Nan Kaka ta ƙirƙiro tata jarrabawar, kuma ni ce na sha wahalarta. Ranar kasuwar Isa za ta ba da sautun burodi da naman akuya. Ni za ni yanka naman ƙanana, in dafa shi da gishiri har ruwan ya tsotse, sannan in zuba man gyaɗa in soya da albasa sai ya yi ja. In tsaga burodin ta gefe, in cusa naman, in barbaɗa yaji, in danne da tafin hannu mai ya ratsa shi. Hayaƙi ya cika mini ido, miyau ya cika mini baki, amma ko tsoka ɗaya ban isa in taɓa ba. Sai mu ɗauka mu kai wa mutumin da ake son gwadawa, lokacin da yake zaune cikin mutane, Kaka ta tsaya tana gaisuwa mai tsawo tana satar kallonsa.

"Wanda yac ci burodi shi kaɗai," in ji ta, "shi kaɗai za ya ci riga."

Ladanin masallacinmu aka fara kai wa, don shi ake ba kaya ya raba wa mabukata. Bawan Allah ya yi godiya, ya zura burodin a aljihu. Ni na san 'ya'yansa zai kai wa, yana da su rututu. Ina! Kaka ta ce ya faɗi. Sai wata dillaliya mai zaga ƙauyuka, wadda takan kai wa matan da mazansu suka mutu zannuwa. Ita a tsaye ta cinye, ta lashe yatsu, har tana tambaya ko da saura. Wannan kam ko ni ban yi mata gardama ba.

Na ukun ne ya fi ba ni takaici. Wani dattijo ne a kasuwar Sabon Birni, yana da rumfar gwanjo. Mutane kan kai masa tufafin sadaka, ya raba wasu, ya sayar da wasu ya sayi hatsi ya ba marayu. Muka hau mota takanas saboda shi. Ya karɓi burodin, ya gutsuttsura, ya miƙa wa duk wanda ke rumfar. Na ce alhamdu lillahi, yau dai na huta da suya. Muna fita Kaka ta ja tsaki. Wai ta lura, ɓangaren da ya fi nama ya rage wa kansa.

"Haba Kaka! Mala'ika kike nema?"

"Mi kika sani, ɗiyag ga? Rufe min baki."

Cikin wannan tsakani rugar Fulanin da ke bayan gonarmu ta yi gobara. Matar da ke kawo mana nono ta zo ta durƙusa, ta ce mijinta da rigar jikinsa kawai ya tsira. Ta ji labarin akwatin. Ko gwadon ne a taimaka musu. Kaka ta auna mata gero, ta ba ta zanenta na kanta, amma akwati ta ce a yi haƙuri, sun yi kusa da yawa. Ina kallon matar ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Damina biyu akwatin nan ya yi a kusurwa. Ranar da babanmu ya gaji ya ce a buɗe, murfin ne ya biyo hannunsa. Gara ta shigo ta ƙasa ta gama aikinta. Ya ɗago rigar Juma'a, sai ƙasa ke zuba, wuyan kaɗai ya rage. Gwadon kuwa kamar rariya. Kaka ta zame ta zauna, ta ambaci marigayi mijinta, ta ce, "Malam, ka yafe mini." Ni a lokacin ba tausayi na ji ba, haushi na ji, har bakina ya suɓuce na ce gara dai ba a kai mata burodi ba. Na sha mari a wurin babanmu, kuma na cancanta.

Yanzu a Sabon Birni nake aure. Bana Innarmu ta rasu, zannuwanta suka dawo hannuna don in yi mata sadaka da su. Garin cike yake da mutanen Gatawa da kewaye da 'yan bindiga suka koro, masu tara kayan taimako kuma sun yi yawa. Na je wurin wasu, na ga ba sa miƙa wa mace zane sai sun ɗauke ta hoto a waya, na fito. Wasu aka ce kayansu na ɓullowa a kasuwa. Wasu na leƙa ɗakin ajiyarsu na tarar yana yoyo. Kullum in dawo gida ina masifa, ina cewa amana ta ƙare a duniya. Mako biyar ina wannan shari'a, jakar zannuwan na jingine a bayan ƙofa, ruwa na sauka dare da rana. Ni da na yi wa Kaka gori! Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Jiya na ɗauki jakar na hau babur zuwa makarantar da aka sauke 'yan gudun hijirar. Aji babu tagogi, siminti ya yi sanyi, mata na zaune a kan buhuna. Ban tambayi kowa komai ba, na zazzage. Wata mata ta ɗauki mayafin Inna mai kauri, ta juya shi, ta shafa, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Irin wanga tsohuwarmu ta yi ta roƙo," ta ce. "Sanyi yas shiga ƙirjinta. Ranar Talata munka kai ta makwancinta."

Ba da faɗa ta faɗa ba, har addu'a ta yi mini. Na amsa da amin, na fito, na rasa wanda za ni yi wa masifa.